Yadda ake gina shafin intanet na Hausa da zai buɗe da sauri a ƙaramar waya

Wanda yake gina shafin intanet yana zaune ne gaban kwamfuta mai faɗin allo, amma wanda zai karanta shafin sau da yawa yana riƙe da wayar Android mai araha, a wurin da sabis ke zuwa yana tafiya, kuma yana lissafin ragowar datarsa. Idan shafin na Hausa ne, akwai wata matsala ta biyu da darussan ƙasashen waje ba su cika taɓowa ba, wato haruffa masu ƙugiya, waɗanda sukan rikiɗe su zama tarkace ko akwatunan da babu komai a ciki. Bayanin da ke tafe ya bi aikin ne daga buɗe folda ta farko har zuwa ɗora shafi, da nufin magance waɗannan matsaloli biyu tun daga tushe, domin gyara su bayan an gama gini ya fi wahala ƙwarai.

Mataki na farko: kayan aiki

Abubuwa uku sun ishe ka farawa, kuma dukkansu kyauta ne. Na farko shi ne manhajar rubuta kod, inda nake ba da shawarar Visual Studio Code, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a shekarar 2015. Na biyu burauza ce, Chrome ko Firefox. Na uku shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana tarihin sauye-sauyen da ake yi wa kod.

Bayan ka buɗe Visual Studio Code, duba layin da ke can ƙasan allo daga hannun dama, ka tabbatar an rubuta UTF-8. Wannan shi ne tsarin da za a adana haruffanka da shi. Daga nan ka saka ƙarin nan da ake kira Prettier, ka kunna zaɓin Format On Save, ta yadda duk lokacin da ka adana fayil za a daidaita maka jeren layuka ba tare da ka ɓata lokaci kana turo su da hannu ba.

Kada ka jinkirta amfani da Git sai aiki ya girma. Tun a ranar farko ka buɗe tagar umarni a cikin foldar aikin ka rubuta:

git init
git add .
git commit -m "Farkon aiki"

Daga nan, duk lokacin da ka kammala wani ɗan yanki da ke aiki, ka maimaita layi na biyu da na uku tare da bayanin abin da ka canza. Idan ka lalata wani fayil, umarnin git restore tare da sunan fayil ɗin zai mayar da shi yadda yake a ajiyar ƙarshe. Ga wanda yake aiki inda ake yawan ɗauke wuta, ko yake yawo da kwamfutarsa a jaka, tura kwafin aikin zuwa GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan Git a intanet, da umarnin git push a ƙarshen kowace rana ya zama wajibi. Sai dai tun kafin ajiya ta farko, ka ƙirƙiri fayil mai suna .gitignore, wanda ke faɗa wa Git abin da ba zai adana ba, ka rubuta .env da node_modules a cikinsa. Kalmomin sirri da mabuɗan biyan kuɗi suna zama ne a .env, kuma idan suka shiga tarihin Git sau ɗaya, goge fayil ɗin daga baya ba ya fitar da su daga tarihin. Abin da ya rage kawai shi ne a soke mabuɗin a karɓi sabo.

Mataki na biyu: kan shafi

Ƙirƙiri fayil mai suna index.html. Idan ka rubuta alamar motsin rai (!) ita kaɗai ka danna Tab, manhajar za ta zubo maka ƙashin bayan shafi gaba ɗaya. Layuka uku ne a ciki suka fi muhimmanci:

<html lang="ha">
<meta charset="utf-8">
<meta name="viewport" content="width=device-width, initial-scale=1">

Manhajar za ta sa en a layi na farko, kai ne za ka mayar da shi ha, domin injunan bincike da manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu su san da wane harshe suke hulɗa. Layi na biyu dole ya kasance cikin bayit 1024 na farkon fayil, don haka a sa shi nan da nan bayan buɗe head, kafin ma take. Idan babu shi, burauza na iya yin hasashen tsarin da bai dace ba, sai ka ga ƙ ta koma Æ™, ɗ kuma ta koma É—. Duk inda ka ga irin wannan tarkace, to an rubuta da UTF-8 ne aka karanta da tsohon tsarin Windows-1252, kuma rubutun na nan lafiya, karatun ne kawai ya kauce. Layi na uku shi ne yake hana waya nuna shafin kamar an ƙanƙance allon kwamfuta.

Mataki na uku: zaɓen fon, wato salon zanen haruffa

A nan ne na fi ganin ƙwararru ma suna tuntuɓe, kuma dalilin yana da ban sha'awa. A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, haruffanmu ba a wuri ɗaya suke zaune ba. Manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ, tare da ƙananan ƙ da ƴ, suna cikin rukunin da ake kira Latin Extended-B, amma ƙananan ɓ da ɗ, masu lamba U+0253 da U+0257, suna cikin wani rukuni dabam, na alamomin furuci da masana harshe ke amfani da su. Saboda haka mai zana fon zai iya saka ƙ ya bar ɓ da ɗ ba tare da ya lura ba. Abin da burauza take yi idan ba ta sami harafi a fon ɗin da ka zaɓa ba shi ne ta aro shi daga wani fon, sai kalma kamar «ɗalibai» ta fito harafinta na farko ya fi sauran kauri ko ya fi su gajarta. Mai karatu ba zai san dalili ba, amma idonsa zai gaya masa cewa aikin bai yi tsabta ba. Idan kuma wayar ba ta da inda za ta aro, akwati ne zai bayyana.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Kafin ka amince da kowane fon, ka rubuta jimla guda da ta tattara haruffan duka, kamar «Ɗan Ɓaidu ya ɓoye ƙwarya, Ƙasimu ya ɗauko wa ƴaƴan Ƴar Sarki», ka duba ta a siriri da mai kauri da kuma na gicciye, domin wani fon yana da harafin a nau'i ɗaya ya rasa shi a wani. Ka haɗa da alamar naira, ₦, idan shafin na ciniki ne. Noto Sans na Google yana da haruffan, haka ma Andika da Charis na cibiyar SIL, waɗanda aka tsara su da la'akari da harsuna irin namu. Don ka tabbatar, danna dama a kan rubutun a Chrome ka zaɓi Inspect, ka shiga Computed, ka gangara ƙasa zuwa Rendered Fonts. Idan ka ga sunayen fon biyu a kan jimla ɗaya, to an yi aro.

Ra'ayina shi ne, ga yawancin shafuka, barin wayar mai karatu ta yi amfani da fon ɗinta ya fi alheri, ta hanyar rubuta font-family: system-ui, sans-serif, domin hakan ba ya cin ko kilobayit ɗaya. Idan lallai sai ka kawo naka, ka yi amfani da nau'in woff2, ka taƙaita ga kauri biyu, ka kuma sa font-display: swap domin rubutu ya bayyana tun kafin fon ɗin ya gama sauka.

Akwai kuma shawarar da ya kamata ka yanke tun da wuri: a Najeriya an saba rubuta 'y, a Nijar kuwa ƴ. Duk wanda ka zaɓa, ka tsaya a kansa a shafin gaba ɗaya.

Mataki na huɗu: rumbun bayanai da akwatin bincike

Idan shafin yana adana rubutu a MySQL, manhajar rumbun bayanai, ka tabbatar rumbun da teburorinsa suna kan utf8mb4, wato cikakken UTF-8 a MySQL. Kafin fitowar MySQL 8.0, latin1 ne tsarin da ake samu idan ba a zaɓi komai ba, kuma har yanzu ana cin karo da tsofaffin rumbuna a haka. Ginshiƙin da ke kan latin1 ko dai ya ƙi karɓar ƙ, ko ya maye gurbinta da alamar tambaya, kuma wannan ta fi tarkacen da aka ambata a baya muni, domin harafin ya tafi ke nan, babu hanyar dawo da shi sai an sake rubutawa. Haɗin da ke tsakanin kod da rumbun ma yana buƙatar a faɗa masa tsarin; a PHP ana ƙara charset=utf8mb4 a layin haɗin PDO. Haka nan idan wani zai turo maka jerin sunaye daga Excel, ka roƙe shi ya adana da zaɓin CSV UTF-8.

Sai batun bincike, wanda nake ganin shi ne ya fi shafar mai karatu kai tsaye. Mutane da yawa ba su da haruffa masu ƙugiya a madannan wayarsu, ko suna da su amma ba su saba ba, don haka mai neman «ƙasa» zai rubuta «kasa», mai neman «'yan makaranta» zai rubuta «yan makaranta». Idan akwatin bincikenka ya ce masa babu sakamako, zai ɗauka ba ka da abin da yake nema ne. Dabarar da ake koyarwa don Faransanci, wato amfani da normalize("NFD") a cire alamomin da ke kan wasula, ba ta aiki a nan, saboda a Unicode ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k da aka ɗora wa alama ba. Sai dai ka rubuta naka:

function sassauta(rubutu) {
  return rubutu.toLowerCase()
    .replace(/ɓ/g, "b").replace(/ɗ/g, "d")
    .replace(/ƙ/g, "k").replace(/ƴ/g, "y")
    .replace(/['’ʼ]/g, "");
}

Ka bi da abin da mutum ya rubuta da kuma abin da ake nema a cikinsa ta wannan hanya kafin a kwatanta su. Layin ƙarshe yana da muhimmanci, domin alamar ɗauri (') tana zuwa da siffofi akalla uku: miƙaƙƙiya ta madannai, lanƙwasasshiya wadda Word ke sakawa da kansa, da kuma mai lamba U+02BC. A ido kusan ɗaya suke, amma a wurin kwamfuta «sana'a» uku ce mabambanta. Ka lura cewa sassautawar ta bincike ce kawai. Rubutun da ake nunawa da wanda ake adanawa su kasance da ƙugiyarsu, domin «ƙafa» da «kafa» ba abu ɗaya ba ne. Wannan aikin zai kuma yi maka amfani wajen ƙirƙirar adireshin kowane rubutu, tunda ƙ a cikin adireshi takan koma %C6%99 idan aka kwafa.

Jera sunaye ma yana da tarko. Umarnin sort() shi kaɗai yana bin lambobin haruffa ne, don haka zai jefa Ɗanladi da Ƙasimu can bayan Zainab. Maganin layi ɗaya ne:

sunaye.sort((a, b) => a.localeCompare(b, "ha"));

Mataki na biyar: hotuna

A yawancin shafuka hotuna ne suke cinye kaso mafi girma na data. A ce ka ɗora hotuna goma kai tsaye daga waya, kowanne megabayit 3. Ka ɗora wa mai karatu megabayit 30 ke nan don ya ga shafi guda, alhali allonsa ba zai iya nuna ko rabin abin da ke cikin hoton ba. Wannan a ganina rashin adalci ne ga mutumin da ya sayi data da guminsa.

Kafin ka saka kowane hoto, ka rage faɗinsa zuwa abin da ake buƙata, wanda ga hoton cikin rubutu bai cika wuce fiksel 800 zuwa 1200 ba, sannan ka mayar da shi WebP, tsarin da Google ya fitar a 2010 wanda manyan burauzoji duka suke karantawa yanzu. Shafin Squoosh yana yin wannan aikin a cikin burauza, yana kuma nuna maka asali da wanda aka matse gefe da gefe, ka ga inda inganci ya fara lalacewa. Ga yadda ake saka shi:

<img src="kasuwa.webp" width="800" height="533" loading="lazy" alt="Masu sayar da hatsi a kasuwa">

Faɗi da tsawo suna sa burauza ta tanadar wa hoton wurinsa, don kada rubutu ya yi tsalle a daidai lokacin da mutum yake karantawa ko yake shirin danna wani abu. Kalmar lazy tana hana saukar da hoto sai an gangaro kusa da shi, amma kada ka sa ta a babban hoton da ke saman shafi, domin shi ana son ya fito da wuri. Bayanin alt kuwa ka rubuta shi da Hausa, shi ne abin da makaho zai ji, shi ne kuma abin da zai bayyana idan sabis ya yanke. Tambari da ƙananan alamomi a yi su da SVG.

Mataki na shida: rage JavaScript

Kilobayit ɗari na JavaScript, kod ɗin da burauza ke aiwatarwa a shafi, ya fi kilobayit ɗari na hoto nauyi, domin bayan saukarwa sai waya ta karanta shi ta kuma aiwatar, kuma ƙaramar waya tana jin jiki a wannan aiki. Ban hana kowa koyon React ba, wato shiryayyen kod na JavaScript da ake gina shafuka da shi, yana da wurinsa, amma shafin makaranta ko na shago ko na ƙungiya mai ɗauke da rubutu da hotuna da lambar waya ba ya buƙatarsa. Kafin ka ɗauko kod ɗin wani, ka duba MDN, kundin bayanan gina shafuka na Mozilla, ka ga ko burauza tana yin abin da kanta: details yana buɗewa da rufewa, dialog yana fito da taga, required da type="tel" suna kula da fom, Grid da Flexbox kuma suna tsara shafi. Abin da ya rage na JavaScript a kira shi da defer don kada ya tare rubutu.

Mataki na bakwai: gwaji kamar mai karatu

Buɗe shafin a Chrome, ka danna F12, ka shiga Network, ka sa alama a Disable cache, ka zaɓi 3G a jerin saurin sabis, sannan ka sake loda shafin ka zauna ka jira shi kamar yadda baƙo zai jira. A ƙasan tagar za ka ga yawan buƙatun da aka aika da jimlar datar da aka sauke. Danna kan Size don fayiloli su jeru bisa girma, ka fara gyara daga na sama. Ctrl+Shift+M zai nuna maka shafin a faɗin waya. Ka gwada fiksel 360, ka tabbatar babu abin da ya zarce gefe.

Daga nan ka shiga Lighthouse, ma'aunin ingancin shafi da ke cikin wannan tagar, ka zaɓi Mobile, ka bar shi ya auna. Zai ba ka maki daga 0 zuwa 100, amma kada makin ya ɗauke maka hankali fiye da bayanan da ke ƙarƙashinsa. Ma'aunai uku ne Google ya ware a matsayin ginshiƙai: LCP, lokacin da abu mafi girma a allo ya bayyana, wanda ake so kada ya wuce daƙiƙa 2.5, CLS, yawan tsallen da shafi ke yi, kada ya wuce 0.1, da INP, jinkirin amsawa bayan an danna, kada ya wuce milidaƙiƙa 200. Na ukun ya maye gurbin tsohon ma'aunin FID ne a watan Maris na 2024, kuma ba ya fitowa a gwajin lodawa na Lighthouse tunda sai an taɓa shafi ake auna shi. Lighthouse zai kuma faɗa maka idan launin rubutu ya yi kusa da na bango; ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafi, ta nemi bambancin 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta rubutu mai ruwan toka a tsakiyar rana ya san amfanin wannan ƙa'ida.

Duk da haka, kwaikwayo ba ya maye gurbin waya ta gaske. Samo mafi tsufar wayar Android da ke gidanku, ka shiga bayanan wayar a saituna, ka danna Build number sau bakwai, ka shiga Developer options da zai bayyana ka kunna USB debugging, ka haɗa ta da kwamfuta da igiya, sannan ka rubuta chrome://inspect a burauzar kwamfutar. Za ka ga shafin da ke buɗe a wayar tare da duk kurakuransa. A nan ne za ka sake duba jimlar gwajin haruffa, domin tsofaffin wayoyi ne suka fi nuna akwati a madadin ƴ.

Mataki na takwas: ɗorawa

Shafin da ba ya buƙatar rumbun bayanai za a iya ɗora shi kyauta a GitHub Pages, ta shiga Settings sannan Pages a zaɓi reshen da za a wallafa, ko kuma a Netlify, kuma duka biyun suna ba da HTTPS. Idan sabar taka ce, Let's Encrypt yana ba da takardar tsaro kyauta, sai ka tabbatar tana sabunta kanta kafin wa'adinta ya cika, ka kuma kunna matse fayiloli da gzip ko Brotli.

Kuskure ɗaya yana yawan bayyana a wannan gaɓa. Windows ba ya bambanta Hoto.webp da hoto.webp, amma sabar Linux tana bambantawa, sai hoton da yake fitowa a kwamfutarka ya ɓace bayan ɗorawa. Ka saba da rubuta sunayen fayiloli da ƙananan haruffa, ba tazara, ba ƙugiya, kana raba kalmomi da karan ɗori.

Tunda akasari ta WhatsApp da Facebook za a yaɗa adireshin, ka ƙara og:title da og:description da og:image a cikin head, wato take da bayani da hoton da ke fitowa idan an tura adireshi, kana ba hoton cikakken adireshi mai farawa da https, kuma shi wannan hoton ya fi aminci a bar shi JPEG mara nauyi. Bayan ka ɗora, ka tura wa kanka adireshin, ka duba ko take da hoton sun fito daidai da ƙugiyoyinsu, ka kashe Wi-Fi, ka buɗe shafin da datar waya, ka rubuta «kasa» a akwatin bincike ka ga ko zai kawo maka «ƙasa».